Me za mu kira «fatigue» ta ƙarfe da Hausa?

Ɗalibar mastar, Yamai: Assalamu alaikum, malamai. Kundin bincike ne kan karyewar sandan juyi na injin niƙa, ana son a taƙaita shi da Hausa don masu gyara su amfana. Kalmar da ta tsaya ita ce «fatigue» ta Faransanci. "Gajiyar ƙarfe" ta yi?

Malamin makanikanci: Wa alaikumus salam, 'yata. Gajiya tana da illa guda, kuma babba ce. Wanda ya gaji, in ya huta sai ya wartsake. Ƙarfe ba ya wartsakewa. In aka ce wa mai niƙa sandansa ya gaji, zai kashe inji kwana biyu ya zaci ya yi magani, alhali tsagar tana nan yadda ya bar ta. Ga yadda abin yake: bel yana jan sandan gefe guda, sandan kuma yana juyawa, don haka a kowane juyi fatarsa takan miƙe sau ɗaya ta matse sau ɗaya. Sandan da ke juyi 1500 a minti yana cika miliyan ɗaya cikin awa 11 da 'yan mintoci. Tsaga takan soma a wuri mai kaifi, ta ci gaba kaɗan-kaɗan, har naman da ya rage ya kasa ɗaukar nauyi, ya ɓalle lokaci guda. Ɓarnar taruwa take yi, shi ne abin da ƙa'idar Miner ta 1945 ke lissafawa.

Mai tur (injin sassaƙa ƙarfe) a kasuwar Katako: Ranka ya daɗe, mu nan cewa muke ƙarfe ya tsufa, ko ya cinye.

Malamin makanikanci: Alhaji, kowace da gurbinta. Cinyewa ta gogayya ce, «usure», ana auna ta a ga kauri ya ragu. Wannan kuwa sandan yana nan da kaurinsa yake karyewa. Tsufa kuma ba ta shiga, tunda sabon sanda mai kafaɗa mai kaifi, wato kusurwar da kaurinsa ke canjawa, yana iya karyewa tun bai daɗe a aiki ba.

Injiniya, Tawa: Ni "raunin maimaici" nake gani. Rauni ya ɗauki tsagar da kuma raguwar ƙarfi, maimaici ya faɗi sanadi. Kuma a fitar da "ƙarfe" daga sunan, don roba da kankare ma suna yi. Wöhler da ya shafe shekarun 1850 zuwa 1870 yana gwada sandunan ƙafafun jirgin ƙasa a Jamus, abin da ya ƙirga ke nan: nauyi nawa, maimaici nawa kafin karaya. Tun haɗarin jirgin ƙasa na Versailles a 1842 aka san matsalar, faɗuwar jiragen sama na Comet ta sake tuna wa duniya a 1954.

Ɗalibar mastar: To «limite d'endurance» fa, Injiniya?

Injiniya, Tawa: "Iyakar juriya", ƙanwata, wato nauyin da in ba a kai shi ba, ƙarfe ba ya karyewa komai yawan maimaici. A baƙin ƙarfe kusan rabin ƙarfin tsinkewa ce: wanda ke tsinkewa a MPa 600 (megafaskal, ma'aunin ƙarfin ja ko matsi), iyakarsa wajen 300. Amma ki rubuta a fili cewa wannan na samfurin ɗakin gwaji ne mai santsi. Ramin da ake sassaƙawa don riƙe fuli (ƙafar da bel ke hawa), da sawun wuƙar tur, da tsatsa, suna iya saukar da ita ƙasa da rabin haka. Alminiyam ba shi da iyaka tsayayya, komai ƙanƙantar nauyi yana ci a hankali.

Mai tur a Katako: Na karɓi raunin maimaici, ko da yake bakin yara zai daɗe bai saba ba. A ƙara wannan a takardar: in sanda ya karye, a dubi bakin karayar kafin a jefar. Gefe guda santsi ne da layuka masu lanƙwasa, nan tsagar ta yi ta tafiya. Ɗayan gefen kaushi, nan ya ɓalle. In kaushin kaɗan ne, nauyin bai yi yawa ba, laifin kusurwa ne. A zagaye kafaɗar, a goge ta, a sassauta bel. Kada a cike tsagar da walda a mayar, daga gindin waldar sabuwa za ta taso.

Malamin makanikanci: Sai ki rubuta raunin maimaici, tsagar maimaici, iyakar juriya. A ambaton farko ki ajiye ta Faransanci kusa da su. Saura «fluage», wato miƙewar ƙarfe sannu a hankali cikin zafi ƙarƙashin nauyi tsayayye. Kada ta shigo cikin wannan suna, tata daban za mu nema.