Tsunade ta so Jiraiya kuwa, ko shi kaɗai ya yi ta dakon so har ya mutu?

Ɗalibi daga Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum. Daren jiya, bayan na karɓo wayata daga wurin mai caji, na kalli kashi na 133 na Naruto Shippuden, shirin zanen nan na Japan, inda Jiraiya, malamin Naruto jarumin shirin, ya mutu a hannun tsohon ɗalibinsa Pain a garin Amegakure, kuma har yanzu abin bai sake ni ba. Ba faɗan ne ya tsaya mini a rai ba. Abin da ya tsaya mini shi ne zaman da ya yi da Tsunade, abokiyar tasowarsa, a kan benci da yamma kafin ya kama hanya, lokacin da ya ce mata ta sa kuɗinta a kan cewa zai mutu, tunda kowa ya san ba ta taɓa cin caca, sai ga shi wannan karon ta ci. Mun yi musu da abokina har wajen ƙarfe ɗaya na dare. Shi yana cewa labarin masoya biyu ne da ƙaddara ta raba, ni kuma ina ganin mutum ɗaya ne ya yi shekaru kusan arba'in yana son wadda zuciyarta ke wani wuri. Ina roƙon yayyena da suka kalli shirin har ƙarshe su raba mana gardama.

Tsohon mai kallo daga Daura:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ina bayanka a wannan magana, kuma hujjata tana cikin labarin kansa. Wanda Tsunade ta so shi ne Dan Kato, wanda ya mutu a hannunta a fagen yaƙi tana ƙoƙarin tsayar masa da jini, abin da ya sa ta daɗe ba ta iya kallon jini duk da kasancewarta gwanar likita. Shi ta ba sarƙar wuyan kakanta, Hokage na farko (wato shugaban garinsu, Konoha), bayan ta fara ba ƙanenta Nawaki shi ma ya mutu. Idan ka yi haƙuri ka kai ƙarshen shirin (kashi 500 ne, sai ka tanadi data), za ka ga mafarkin da aka jefa kowa a ciki, inda kowane mutum yake ganin abin da ransa ya fi so. A nata mafarkin Dan ne yake raye yana riƙe da sarautar Hokage, Jiraiya kuwa yana nan a matsayinsa na aboki. Shi kansa Jiraiya, da yake lissafa gazawarsa a lokacin da rai ke fita, ƙin da Tsunade ta yi masa na cikin abin da ya ƙirga, tare da kasa dawo da abokinsu Orochimaru da ya bar gari, da kasa kare malaminsa da ɗalibinsa.

Malamar makaranta daga Ƙofar Marusa:

Malam na Daura, ban musa maka ko ɗaya daga cikin abin da ka kawo ba, amma ina ganin kun auna abin da mudun da ba nasa ba. Kuna neman irin soyayyar da muka saba karantawa, wadda ake furta ta da baki, iyaye su hana, a yi kuka a rabu. Waɗannan biyun sun haura shekara hamsin, tare suka tashi tun suna yara a hannun malami ɗaya, Hiruzen Sarutobi, kuma zamansu ya fi kama da na abokan wasa, irin na ɗan mace da ɗan namiji, waɗanda idan aka haɗu sai tsokana da ba'a, har maganar gaskiya ma sai an naɗe ta cikin raha kafin ta fito. Duk wanda ya zauna da dattawanmu ya san cewa mai zurfin ciki da wasa yake faɗin abin da ya fi yi masa nauyi. A zaman bencin, da Jiraiya ya fara cewa idan ya dawo da rai, sai ya katse maganar da dariya, ai ya riga ya faɗi abin da zai faɗa, ita ma ta ji, shi ya sa hawaye suka zubo mata bayan ya juya baya.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne halin da ta shiga bayan labarin mutuwar ya iso. A nan Katsina, idan miji ya rasu, matarsa tana da takaba ta wata huɗu da kwana goma, ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata su cika ɗaki suna yi mata gaisuwa, kowa ya san rashin nata ne. Tsunade ba matarsa ba ce balle a zo mata ta'aziyya. Gawa ma babu, domin ta nutse a ƙarƙashin ruwa, abin da ya dawo kawai shi ne saƙon lambobi da ya rubuta a bayan Fukasaku, tsohon kwaɗon nan mai magana da ya taya shi faɗan. Ita ce Hokage ta biyar, dole ta zauna a kujerarta a ofis a sanar da Naruto a gabanta, yaron ya dube ta ya ɗora mata laifin barin malaminsa ya tafi shi kaɗai, ta haɗiye ba ta kare kanta ba, ta ba da umarni a warware saƙon, sai da ta keɓe sannan ta yi kukanta. Ko me za ku kira abin da ke zuciyarta, ni dai na san ba kukan abokin aiki ba ne. Son da ta yi wa Dan bai hana wani ya tsiro daga baya ba, ya dai zo a makare.

Tsohon mai kallo daga Daura:

Malama, maganar takaba ta shige ni, ban taɓa kallon abin ta nan ba. Sai dai ina nan a kan cewa marubucin, Masashi Kishimoto, da gangan ya ƙi haɗa su. Sunayen Jiraiya da Tsunade da Orochimaru ya ɗauko su ne daga wani tsohon labarin Japan da aka fara bugawa a 1839, kuma a can Jiraiya da Tsunade aure suka yi. Shi da ya san haka, ya yi shekara goma sha biyar yana rubutu, daga 1999 zuwa 2014, babi 700, bai ba su ko rana ɗaya ta zaman masoya ba. Ko a babban yaƙin ƙarshe da aka tayar da matattu, Dan ne ya dawo har ya gana da ita, Jiraiya kuwa ba a iya kaiwa ga gawarsa ba saboda zurfin ruwan.

Ɗalibi daga Ƙofar Ƙaura:

Na gode, Yaya, na gode, Malama. Na nuna wa abokina amsoshinku, kowannenmu ya ɗauki wadda ta yi masa daɗi, musun kuma ya dawo sabo. Yau da dare zan koma in sake kallon zaman bencin, in lura da fuskarta a lokacin da ya katse maganar.