Mermin da Wagner sun ce babu, kwamfutata ta ce akwai

Ɗan_Fizis:
Assalamu alaikum. Malamai, wani abu ya ɗaure mini kai kusan sati biyu ke nan. Na rubuta shirin Monte Carlo (kwaikwayon kwamfuta da ke amfani da lambobin kan-mai-uwa-da-wabi) na samfurin maganaɗisu na Heisenberg a kan raga mai kusurwa huɗu, 32 sau 32, kowane sifin (ɗan ƙaramin maganaɗisun da ke kowane gurbi na ragar) yana magana da maƙwabtansa huɗu kawai, kuma yana da 'yancin fuskantar ko'ina. Ka'idar Mermin da Wagner ta 1966 ta ce a shimfiɗa irin wannan babu tsarin maganaɗisu mai nisa muddin zafi ya wuce sifili. To ni da na sa zafi 0.4J (J shi ne ƙarfin alaƙar sifin da maƙwabcinsa), matsakaicin maganaɗisun ya tsaya wajen 0.74, ya ƙi motsi. Na duba shirin layi-layi har idona ya yi ja. Ga kuma sinadarin CrI3 (chromium da iodine): a 2017 an nuna falle ɗaya tak nasa yana zama maganaɗisu ƙasa da Kelvin 45. Ni ne na yi kuskure, ko ka'idar ce ke da rami?

Malama_Magnon:
Wa alaikumus salam. Ɗalibi, kwantar da hankalinka, shirinka lafiya lau. Ragarka ce ta yi ƙanƙanta.

Abin da ke rushe tsari a shimfiɗa shi ne kaɗawar sifin mai dogon zango. Idan sifin suka karkata kaɗan-kaɗan daga wannan gefe zuwa wancan, kuzarin da ake biya yana tafiya da k² (k yana raguwa idan zangon ya ƙara tsawo), kusan kyauta ke nan idan k ƙarami ne. Ka tara gudummawar dukkansu, sai ka samu k dk a sama, k² a ƙasa, abin da ya rage logaridim ne na girman ragar. Yana girma ba iyaka, amma da tafiyar hawainiya. A ragarka babu zangon da ya wuce 32, saboda haka ka datse masu ɓarnar tun kafin su shigo. Nisan da sifin ke jin juna kuwa yana hawa kamar exp na 2πJ bisa T (T shi ne zafi), a 0.4J ya zarce 32 nesa ba kusa ba.

Gwada 64 da 128 a zafi ɗaya. Duk ninki ɗaya ya kamata ka ga ragin da bai yi nisa da T ln2 bisa 2πJ ba, wajen 0.04 ke nan. Idan ka gani, ka ga Mermin da Wagner da idonka.

Shi kuwa CrI3 bai cika sharaɗin ka'idar ba. Sifin ɗinsa sun fi son tsayawa a tsaye bisa fallen, sama ko ƙasa, ba ko'ina ba. Wannan fifiko yana buɗe giɓi a ƙasan kuzarin magnon, wato kaɗawar sifin ɗin nan, logaridim ɗin ya samu inda zai tsaya. Ƙarshen wannan hanya shi ne samfurin Ising, inda sifin ke fuskantar sama ko ƙasa kawai, wanda Onsager ya warware a 1944, tsari yana kafuwa a 2.269J.

Tsohon_Hannu:
Malama ta gama magana, sai dai ina da ɗan gyara, don kada yaron nan ya tafi da cewa CrI3 Ising ne. Ba haka ba. Fifikon nasa ƙarami ne idan aka gwada da J, Heisenberg ne mai ɗan karkata. Abin da ya sa ɗan kaɗan ke isa shi ne giɓin a cikin logaridim yake shiga: zafin tsari yana tafiya kamar J bisa ln na J bisa giɓi. Ka rage giɓin sau goma, zafin ba zai faɗi sau goma ba. Shi ya sa dunƙulen CrI3 ke da Kelvin 61, falle ɗaya 45, tazarar ba wata mai yawa ba.

Ni ma na taɓa cin wannan tuwon, wata guda na yi ina zargin injin lambobin kan-mai-uwa-da-wabi. Kuma ka tuna ka'idar ba ta ce komai a kan sifilin zafi ba. Antiferomagnet mai sifin 1/2 a raga irin taka yana da tsarin Néel a can, wato kowane sifin yana fuskantar akasin maƙwabcinsa, sai dai girgizar kwantam ta zabge shi daga 0.5 zuwa kusan 0.307. La2CuO4 misali ne mai kyau: J ɗinsa ya kai wajen Kelvin 1500, amma sai kusan 325 tsari ke kafuwa, shi ma da taimakon 'yar alaƙar da ke tsakanin falle da falle.

Ɗan_Fizis:
Allah ya saka da alheri. Na bar kwamfutar ta kwana tana aiki: 64 ya ba ni 0.70, 128 ya ba ni 0.65. Yanzu idan na tilasta wa sifin su kwanta cikin shimfiɗar, samfurin XY ke nan, me zan auna in kama sauyin yanayin da ke faruwa a wannan samfurin, wato sauyin Kosterlitz da Thouless, tunda maganaɗisun ya nuna mini ba abin dogaro ba ne?

Malama_Magnon:
Taurin sifin za ka auna, wato yadda suke ƙin a murɗa su. Zana shi tare da layin 2T bisa π, ka duba inda suka haɗu. Zai fito sama da 0.89J, yana saukowa a hankali idan ka ƙara girman raga.