Loquacitas: "surutu" za mu ce ko "yawan magana"?

Bazazzagi: Malamai, wace kalmar Hausa ce ta dace da loquacitas ta Latin? Tushenta loqui, wato yin magana. Daga nan aka sami loquax, mai yawan magana. Ɗafin -ax hali yake nunawa, sau da yawa halin da ya wuce kima, kamar edax, mai yawan ci. Faransanci na da loquacité, Italiyanci loquacità, Sifaniyanci locuacidad, harshen Fotugal loquacidade, na Romaniya locvacitate. Ni dai "surutu" na gani.

Malama Bakatsiniya: Malam, a bi a hankali. Waɗannan kalmomi ba daga bakin talakawa suka gangaro ba, masana ne suka ɗauko su daga littattafan Latin. Aikatau loqui bai rayu a harsunan nan ba. Kalmomin yin magana, parler na Faransanci da parlare na Italiyanci, daga parabolare na Latin suke, hablar na Sifaniyanci da falar na harshen Fotugal kuma daga fabulari. Shi ya sa Bafaranshe a titi bavard, wato mai surutu, zai ce, loquacité kuwa sai a rubutu. Surutu kalmar tsakar gida ce, da ita uwa ke tsawata wa yaro. In ka sa ta a nan, ka sauko da kalmar daga matsayinta.

Ɗan Damagaram: Gaskiyarki, Malama. Masu fassara daga Faransanci a Nijar ga inda suke tuntuɓe. Likita in ya rubuta cewa mara lafiya ya zama loquace, wato mai yawan magana, bayani yake yi, ba zargi ba. Ka ce "ya cika surutu", iyalinsa su ji kamar an zage shi. Kuma surutu yakan nufi hayaniyar taro, ma'anar da babu ita a Latin ɗin.

Bazazzagi: To "zuba" fa?

Malama Bakatsiniya: Zuba ta fi kusa da garrulitas, magana ratata ba kai ba gindi, kamar kanya. Ɓaɓatu akwai faɗa a ciki, a cire shi. Kada kuma a haɗa loquacitas da eloquentia duk da tushensu ɗaya, wannan fasaha ce ko balaga, yabo ce.

Bazazzagi: Shi ke nan. A ƙamus mu sa loquacitas: yawan magana, loquax: mai yawan magana. Surutu ya zo na biyu, inda marubuci ke kushe.

Ɗan Damagaram: Na yarda. Bavardage na Faransanci kuma, wanda ya fito daga bavard, a bar wa surutu.