Ruwan da ke kwanciya a lambu mai ƙasar laka

Da aka tattauna matsalar, bakin masu aikin lambu ya zo ɗaya kan taki. A baza ruɓaɓɓen taki mai kaurin santimita 5 zuwa 8, a juya shi cikin ƙasar sama, a maimaita duk shekara. Shi ke sassauta laka, tana, wato tsutsar ƙasa, ta samu mazauni, ruwa ya samu hanyar nutsewa. A ganina wannan shawarar ta fi kowacce nauyi, sai dai tana son haƙuri.

Yashi kuwa an yi ja-in-ja a kansa, don idan kaɗan ne ƙara wa laka tauri yake yi. Mai gaggawa ya tada kunya mai tsayin santimita 30, ya shuka a kai. Kada dai a sa fartanya ƙasa tana jiƙe, dunƙulewa take yi.