Neman shawara: ina zan ajiye bidiyon kyamarorin kwastomomi dala ba ta cinye ni ba?

Nura Ringim: Salamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema gun manyanmu. Shekara biyu kenan ina haɗa kyamarar tsaro, yanzu ina da wuri tara, sito uku na riɗi da zoɓo a Gujungu, injin casar shinkafa biyu, gidan mai ɗaya, sauran shaguna ne da gidan kaji, kyamara 40 cif. Satin da ya wuce ɓarayi suka shiga sito ɗaya suka kwashi buhuna, suka haɗa da rikodar suka yi gaba da ita, Alhajin ya kira ni ya ce to ina amfanin abin da na saka masa, wlh kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi ne nake so in koma ajiye bidiyon a kilaud, wato ma'ajiyar wani kamfani a intanet, in riƙa karɓar kuɗin wata, amma mai sauƙi, kuma wanda in kwastoma sun ƙaru ba sai na rushe na sake sabo ba. Wane kamfani kuka gani?

Baffa Sola: Wslm, Allah ya kiyaye gaba. Ka je AWS na Amazon kawai ai su ne manya, suna da cibiya a Cape Town tun 2020

Injiniya Sabo: Baffa tsaya tukuna, kar ka tura yaron nan rami. Nura ƙanena kafin ka tambayi kamfani ɗauko biro. Kyamara ɗaya mai 1080p in tana tafiya a megabit 2 cikin daƙiƙa, a rana tana haifar da giga 21 da 'yan kai. Sau 40 kenan giga 864 kullum, a wata ka doshi tera 26. To ka gaya min da wane layi za ka tura tera 26 daga Gujungu? Kuma kar ka manta tun Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50. Kuɗin saba, wato kwamfutar da za ta riƙe bidiyon a intanet, ba shi ne ciwon ba, datar da za ta ɗauki kayan ita ce za ta karya ka tun ba ka kai ko'ina ba.

Nura Ringim: Innalillahi, tera 26? Yallabai ni ban taɓa lissafa shi haka ba

Injiniya Sabo: Shi ya sa. Rikoda tana nan a wurinta tana ɗaukar komai dare da rana a hadisk, ka sa mata irin na kyamara, WD Purple ko Seagate SkyHawk, ba na kwamfuta ba. Abin da zai hau kilaud guntun bidiyo ne kawai in an ga motsi, da hoto, daga rufe sito zuwa asuba. Ka kunna tsarin matse bidiyo na H.265 in na'urar tana da shi, yana rage nauyi sosai in ka gwada da H.264. In Alhaji zai leƙa a waya ka ba shi ƙaramin zubin, kowace kyamara tana fitar da babba da ƙarami, ƙaramin ya ishi ganin wanda ya shigo. Ɓarawo ya ɗauke rikoda, to fuskarsa ta riga shi fita gari.

Ɗan Hadeja: Gaskiya ne amma maganar motsin nan akwai aiki. Ni a gidan kajin da na haɗa, ƙwari ke taruwa a jan hasken kyamara da daddare, ga gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta, ga akuya, ga ƙurar hunturu, wayar mutumin ta kwana tana ƙara har ya kashe sanarwar gaba ɗaya 😂 sai da na canza zuwa masu bambance mutum da mota, AcuSense na Hikvision, Dahua ma suna da nasu WizSense, sannan aka samu lafiya.

Mai Rauta Dambatta: Ni dai gargaɗi zan yi don an taɓa ƙona ni. Wani kamfanin waje, ba zan kama suna ba, na ga kuɗin ajiya arha na kwashi komai na zuba, ashe fitar da data kuɗinta daban, duk sanda kwastoma ya buɗe bidiyo mita na gudu, kuma ka san mutanenmu, Alhaji yana majalisa zai buɗe ya nuna wa abokai sitonsa awa guda ba abin da ya faru. Ƙarshen wata da na ga bil sai da na zauna a ƙasa. Duk inda za ka je fara tambayar nawa ne fitarwa.

Injiniya Sabo: Ai nan ne bambancin yake. Farashin S3, ma'ajiyar fayil ta AWS, a Amurka wajen senti 2.3 ne duk giga a wata, fitarwa kuma wajen senti 9. Cloudflare R2 senti 1.5 ne kuma ba sa cajin fitarwa. Backblaze B2 da Wasabi lokacin da na duba dala 6 zuwa 7 ne tera guda a wata. Sai dai Wasabi suna da sharaɗin kwana 90, ko ka goge fayil bayan sati biyu za ka biya na wata uku, kai kuma da za ka riƙa gogewa duk kwana 30 wannan bai dace da kai ba. Ni B2 ko R2 zan ce. Daɗinsu duk yaren S3 suke ji, in wani ya ƙara kuɗi gobe adireshi da makulli kawai za ka canza ka yi ƙaura.

Baffa Sola: To na janye 🙌 amma sabar da za ta haɗa su fa?

Mai Rauta Dambatta: Ƙaramar VPS, wato sabar haya a intanet, ta isa a fara, Hetzner na Jamus ko DigitalOcean, kuɗin wata bai taka kara ya karya ba, in wurare sun ƙaru ka ƙara mata ƙarfi ko ka buɗe ta biyu. Abin da zai ba ka wuya shi ne sim ɗin rauta ba ya ba ka adireshin IP naka na kanka, Starlink na gida ma haka, to ba za ka iya shigowa daga waje kai tsaye ba. Sa WireGuard ko Tailscale su buɗe maka hanyar sirri ta intanet, kowane wuri shi zai kira sabar. Manhajar sarrafa kyamarori kuma akwai Frigate da Shinobi da ZoneMinder, ba sai ka sayi lasin ba kafin ka gwada.

Ɗan Hadeja: Kuma ku tuna Maris ɗin 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Kwaddebuwa, intanet ta yi ta rarrafe kwanaki har bankuna suka ji a jikinsu. Wanda ya dogara da kilaud zalla ranar makaho ne. Baffa wannan ɓangarenka ne, rauta da rikoda su hau batir ɗaya

Baffa Sola: Wannan kam a bar min, kuma a daina ajiye rikoda a kan teburin akawu dan Allah, a kai ta silin ko a yi mata akwatin ƙarfe

Hajiya Ummi Kazaure: Ku yi haƙuri in sa baki, ni kwastoma ce ba mai haɗawa ba. Nura ɗana, in ka fara sa wa a gidaje, wa zai riƙa ganin bidiyon? Tsakar gida akwai mata da yara. Ni na shagona kawai na yarda, shi ma sai da yaron ya canza fasawod a gabana.

Injiniya Sabo: Hajiya kin taɓo babbar magana. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, hukumar NDPC ke kula da ita, hoton fuskar mutum yana ciki. Nura ka rubuta yarjejeniya, kwana nawa ake ajiyewa, wa ke da izinin kallo, kowane kwastoma da ma'ajiyarsa daban. Kuma ka yanka kuɗin watanka da sarari a sama, da dala za ka biya da naira za ka karɓa, ka ga yadda canji ya yi tsalle tun Yunin 2023.

Nura Ringim: Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya bar zumunci. Hajiya in sha Allahu ƙofar gida da zaure ne iyakata. Zan fara da siton Alhajin da aka yi wa satar, kyamara huɗu, wata ɗaya in ga giga nawa za ta ci kafin in faɗa wa sauran farashi. Mai Rauta ranar Lahadi ina Gujungu, in na dawo zan kira ka ka nuna min saitin WireGuard ɗin nan

Mai Rauta Dambatta: Ba damuwa, bayan isha'i. Ka taho min da riɗi mudu ɗaya