Neman agaji: me za mu kira "serf" da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jibi Alhamis da safe za mu naɗi shirin tarihi, kashi na uku, a kan ƙasar Hangari bayan Sultan Sulaiman ya karya rundunarta a Mohach a 1526, ya kuma kama birnin Buda a 1541. Ƙasar ta rabu uku: tsakiya a hannun Daular Usmaniyya, yamma da arewa a hannun gidan sarautar Habsbag, Taransilbaniya kuma tana da sarkinta amma tana kai gaisuwa ga Sultan. Duk wannan na gama. Kalma ɗaya ce ta Turanci ta tsaya mini a maƙogwaro, wato serf. Su 'yan ƙasar jobbágy suke cewa, ana furta shi kamar "yobbaj". Manomi ne da ke zaune a ƙasar wani basarake. Yana da gonar da yake ci, 'ya'yansa su gaje ta, yana da shanunsa da garmarsa. Amma coci na cire ushira, ubangidan ƙasar ya ɗauki ɗaya cikin tara na abin da ya rage, sannan ya je ya yi masa noma kyauta. Bayan tawayen manoma na 1514 aka kafa dokar da ta hana shi tashi ya koma wani wuri. Na rubuta "bawa" na goge, na rubuta "talaka" na goge. Ku taimaka.

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Malama, mayar da "bawa" ki huta. Wanda ba shi da ikon ɗaukar tabarmarsa ya bar gari, me ya rage masa?

Ɗalibar Tarihi: Yaya Bazazzagi, bawa ba zai yiwu ba, don a zamanin akwai bayi na gaske. Ana kai hari kan iyaka a kwashi mutane, wasu a fanshe su da kuɗi, wasu a kora su kasuwa. Idan Anti ta kira manomin bawa, me za ta kira waɗancan? Shi wannan da ƙasar ake haɗa shi: in an gaji ƙauyen ko an sayar, da shi a ciki. Kuma yana iya tara dukiya. Wasu garuruwan makiyaya irin su Kechkemet da Debrechen da kiwon shanu suka yi arziki, ana kora garke da ƙafa har biranen Biyana da Nurambag da Benis.

Bazazzagi: To "talaka" ke nan.

Ɗalibar Tarihi: Ni ma talaka ce, amma gobe in na ga dama zan shiga motar Kaduna, ba mai cewa uffan.

Dattijon Zaure: Yara, kuna ta zagaye alhali kalmar na gabanku. Gandu. A kawo "ba-" na asali kamar yadda muke cewa Bakano, bafada, baduku: bagande, mace bagandiya, jam'i gandawa, halin da suke ciki kuma gandanci. Kalma ɗaya ta haifi huɗu, ba aro, ba kame-kame. Na koyar da Hausa shekara talatin, na san ginin da zai zauna a baki.

Alƙalami: Allah gafarta Malam, ginin ya yi kyau, amma kunne ne matsalar. In aka ce "gandawa" a rediyo, rabin masu saurare za su ɗauka masu sayar da ganda ake nufi, sauran su ɗauka masu ganda wajen aiki. Ni da za a bi tawa, Larabci ya riga ya gama mana: ƙinn. Mu ce "ƙinni", jam'i "ƙinnai". Ai su kansu Turkawan da kalmomin da muka sani suka rubuta littattafan harajinsu na Hangari: haraji, jiziya, ushira, ra'iyya. Rijiya ɗaya muka sha da su.

Dattijon Zaure: Haraji da ushira sun yi ɗaruruwan shekaru a bakin kakanninmu, sun ci tuwo sun sha fura. Ƙinninka yau ya sauka daga mota. Kullum haka kuke: wannan ya ruga Larabci, wancan ya ruga Turanci, kamar Hausa marainiya ce.

Ɗan Maraɗi: Baba, ban ƙi taka ba don raini, amma ka duba wani abu. A wajenmu in an ce gandu, abin da ke fara zuwa rai shi ne gonar gida, uba da ɗiyansa suna noma tare, kowa kuma yana da gayaunarsa. To bagande zai zama ɗan da bai fita gandun ubansa ba. Ina ganin "mai murgu" ya fi kusa, tunda yana aikin kansa yana biyan ubangida.

Ɗalibar Tarihi: Mai murgu bawa ne fa, izinin neman kuɗi kawai aka ba shi. Mun koma gidan jiya.

Basakkwace: Ku dakata. Malama, kafin a kai ga serf, gyara "Daular Usmaniyya" ɗin nan. In kin faɗe ta haka a rediyo, tsoho a Wurno zai ce yaushe jama'ar Shehu suka ci Turai da yaƙi. Ki ce daular Turkawa, ko Sarkin Santambul kamar yadda mutanen da ke faɗi.

Mai Fassara: Wallahi ka yi gaskiya, ban lura ba. Na gyara.

Dattijon Zaure: Santambul! Ka ga Hausa. Da yanzu ne da an ce sai an rubuta shi yadda Bature ya rubuta. Mutanen da ba su nemi izinin kowa ba. Abin da nake faɗa ke nan game da bagande: a sake shi a iska sau goma, ya zauna.

Basakkwace: Baba, in kalma ta fito daga Kano sai a ce a sake ta a iska. In daga wajenmu ta fito sai a ce karin harshe ne, a sa ta a ƙasan shafi.

Dattijon Zaure: Wa ya ce maka ni Bakano ne?

Ɗan Maraɗi: Ku dai ku yi ta yi. Mu da ke ƙetaren iyaka ko tambayarmu ba a yi in za a daidaita kalma, sai dai mu ji ta a rediyo mu bi.

Bazazzagi: An fara. Malama, ki nemi kujera.

Mai Fassara: Don Allah iyayena da yayyena, Alhamis ba ta jira. Bari in ƙara muku abin da ya sa nake son kalmar ta fita sosai. A yankin da Turkawa suka riƙe, yawancin masu ƙasar sun gudu arewa ko yamma, amma ba su saki haƙƙinsu ba. Suna can nesa suna aiko da saƙo, sojojin garuruwan kan iyaka na taya su karɓa. Ga kuma barden Sultan da aka ba ƙauyen ya ci, shi ma yana jiran nasa. Manomi ɗaya, iyayengiji biyu, kowanne na ganin shi ne mai gaskiya. Wannan ne zuciyar shirin, kuma in na ce "bawa" ya lalace, don bawa ubangiji ɗaya gare shi.

Alƙalami: Wannan kam mai saurare zai gane da wuri. Kamar hakimi ne yana zaune a birni, jakadansa na zagaya ƙauyuka, sai ga wani jakadan daga wata fadar. Shi ya sa na fara sassautowa. "Talaka" na da wannan ma'anar ta wanda ake mulka, ba rashin kuɗi kaɗai ba, kamar a ce talakawan sarki. Abin da ya rasa shi ne ɗaurin. A haɗa da na Baba mana: talakan gandu, talakawan gandu. Tunda kunne ya saba da "bayin gandu", zai ji kamar ɗan'uwansa ne amma ba shi ba.

Ɗalibar Tarihi: Na goyi baya. Wani abin dariya: ita kanta jobbágy ɗin ba a nan ta fara ba. A takardar 'yanci da sarkin Hangari ya bayar a 1222 manyan fadawan sarki ake kira da ita, a hankali ta gangaro ta faɗa kan manomi. Daga baya Sarauniya Mariya Tereza ta gidan Habsbag ta ƙayyade aikin kyautar a 1767: mai cikakkiyar gona kwana 52 a shekara in da shanu ya zo, 104 in da hannu. Ɗanta Yusufu na Biyu ya ba manoman damar tashi a 1785, har ya hana a kira su da sunan. Ba a soke tsarin gaba ɗaya ba sai 1848.

Bazazzagi: Wato sarki ya hana kalmar shekara ɗari biyu da wani abu da suka wuce, mu kuma muna nan mun hana kanmu barci muna nemanta.

Dattijon Zaure: Kalma biyu inda ɗaya za ta isa. To in kuna son faɗin halin fa? "Talakancin gandu"? Ku furta ku ji yadda yake kartar harshe. Gandanci na nan yana jiranku.

Ɗan Maraɗi: Ni har yanzu gandun nan bai kwanta mini ba, amma da "talaka" a gaba ba wanda zai ɗauka ɗan gida ake nufi. A tafi da shi haka nan.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. Zan ce "talakan gandu", karon farko in yi bayani da jimla ɗaya: manomin da doka ta ɗaure a ƙasar ubangidansa, ba bawa ba ne, amma ba ya tashi sai da izini. Inda ake buƙatar sunan tsarin zan kauce, in ce "zaman talakawan gandu". Baba, ka yi haƙuri, ban yar da bagande ba, na rubuta shi a bayan littafina.

Dattijon Zaure: A bayan littafi. To, Allah ya ba da sa'a. Zan saurara.

Mai Fassara: Amin Baba. Saura ɗaya: aikin kyautar nan da suke yi wa ubangida, robot suke kiransa, kuma daga tushen kalmar ne sunan mutum-mutumin nan na inji ya fito. Na sa "aikin tilas". Akwai mai ja?

Bazazzagi: Gayya.

Ɗalibar Tarihi: Gayya da tuwo da kiɗa ake yin ta, Yaya, kuma in ka ƙi zuwa ba mai ɗaure ka.

Dattijon Zaure: Ina da kalma. Bari in idar da sallah.