Mai hoton bikin ƙanwata ya ha'ince mu

Maman Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake, sai na faɗa. Bikin ƙanwata muka ɗauki mai hoto, muka biya shi cif, ko sisi ba mu rage masa ba. Bayan biki ya turo hotunan ta WhatsApp, a waya ras suke. Na zaɓi wanda amarya ke zaune gefen Hajiyarmu ranar kamu, na kai a wanke babba a sa a firem. Da ya fito, fuskar Hajiya ta dishe, zanen lallen amarya ya cakuɗe ya zama baƙi ɗaya, duwatsun leshin ma ba a gane su. Mai wankin ya duba ya ce hoton 140KB ne kacal. Na kira mai hoton ya ba ni na asali, wai ya goge, katin ajiyar hotuna na kyamararsa ya cika. Wannan ha'inci ne, kuma Allah yana gani.

Mai Kyamara: Anti, ban ji daɗin abin da ya same ku ba, amma don Allah ki janye kalmar ha'inci. Ba shi ya rage hoton ba. Duk hoton da aka tura a matsayin hoto, manhajar ce ke matse shi da kanta, ta mayar da dogon gefensa wajen pixel 1600, wato ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto. Kyamara mai megapixel 24, wato pixel miliyan 24, tana fitar da 6000 a 4000. A hanya ya ragu.

Maman Ummi: Ƙanena, shi bai san haka ba? Ba sana'arsa ba ce?

Baban Sadiq: Gaskiyarki Maman Ummi. Ha'inci sunansa. Ku masu hoto kullum bakinku ɗaya.

Mai Kyamara: Yaya, ha'inci shi ne mutum ya yi da gangan don ya ci wani abu. Me ya ci a nan? Ka ce sakaci, zan yarda.

Baban Sadiq: Datarsa ya ci mana. Hoto 300, kowanne 10MB, 3GB ke nan. Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Najeriya a watan Janairun 2025, kowa lissafin data yake. Ya ga tura na asali zai cinye masa, ya turo na banza. Idan wannan ba cin riba ba ne, mene ne?

Malam Na Tudu: A yi hattara da harshe. Abin da shari'a ta hana a ciniki shi ne algus, wato ɓoye aibin kaya, kuma hadisi ya tabbata cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Amma kafin a jingina wa Musulmi wannan sai an san niyyarsa, mu kuwa ɓangare ɗaya muka ji.

Baban Sadiq: Allah ya gafarta Malam, ai ba algus aka ce ba, ha'inci aka ce.

Malam Na Tudu: Duk gida ɗaya suke kwana, Alhaji.

Hajiya Babba: Ni dai cin amana na gani. An ba ka amanar rana guda wadda ba ta dawowa, ka goge. Ku bar wasu kalmomi.

Mai Kyamara: To fa, yanzu kuma ta koma cin amana. Hajiya, da girmanki, kin san kuɗin kati da ma'ajiyar ajiye hotuna yau? Mutum ya biya kuɗin aikin yini ɗaya, yana so a riƙe masa hotunansa har jikokinsa.

Hajiya Babba: Ɗana, a zamanin fim mai hoto yana ajiye nagetif shekara da shekaru, ka koma ya wanke maka. Ba mu taɓa jin kati ya cika ba.

Ɗan Farm Centre: Ku tsaya in faɗa muku inda matsalar take. Yawancin hotunan nan JPEG ne, tsarin da aka fito da shi tun 1992. Yana yanka hoto gida-gida, pixel 8 a 8, ya zubar da ƙananan bayanan da ido bai cika lura da su ba, musamman na launi. Shi ya sa siririn zane irin lalle da leshi suke fara mutuwa. Abin da ya zubar kuma ya tafi ke nan. Wanda ya ɗauki sikirinshot ɗin hoton, ko ya gyara shi ya sake ajiyewa ya tura, an ƙara matse shi a kan matsar farko. Anti, ke kai tsaye ya turo miki, ko ta hannun wani ya biyo?

Maman Ummi: Amaryar ya tura wa, ita ta sa a sitatus, ni kuma ta turo min.

Mai Kyamara: Kun ji ko! Sitatus!

Maman Ummi: Ban ce daga sitatus na ɗauka ba. Cewa na yi ta turo min. Kada ka sa min magana a baki.

Ummu Khalil: Shi ya sa ni ba na yarda da kowa, da iPhone ɗina nake ɗaukar nawa. Tun 2017 iPhone ke ajiye hoto a HEIC, nauyinsa wajen rabin JPEG ne kuma kyansa na nan. Masu Tecno ne ke shan wannan wahalar.

Ɗan Farm Centre: Haba Anti, me ya kawo Tecno cikin maganar nan? Da kyamara aka ɗauki hoton. Kuma HEIC ɗin naki idan kika tura shi a matsayin hoto, matse shi za a yi kamar na kowa. Kullum masu iPhone ke zuwa shagona a juya musu shi zuwa JPEG saboda tsohuwar kwamfutar mai wanki ta ƙi buɗewa.

Ummu Khalil: Kai dai ka ce su kake sayarwa.

Ɗan Farm Centre: Har da iPhone ina sayarwa, sabo da na hannu.

Baban Sadiq: Wayata megapixel 108 aka rubuta a bayanta, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Ɗan Farm Centre: Yaya, duba hoton da take ba ka, 12 za ka gani. Pixel tara take haɗewa su zama ɗaya, sai ka shiga ka kunna 108 ɗin da hannunka.

Baban Sadiq: Ban yarda ba. Kawo hujja.

Ɗan Farm Centre: Hujjar tana aljihunka.

Ɗan Maraɗi: Ni ina bayan matse hoto ɗari bisa ɗari. Ku da ke cikin birni kuna maganar firem. Mahaifiyata tana ƙauye, sai an hau tudu ake samun sabis. Hoton jikanta mai 150KB yana sauka ta gani ta yi murna, mai 8MB sai ya kwana yana juyawa. Ba don ana rage nauyin ba, da rabin danginmu ba su ga hoton kowa ba.

Hajiya Babba: Wannan gaskiya ne, Allah ya ƙara mata lafiya.

Mai Kyamara: Amin. Ga shi ka faɗa da bakinka. Da ya turo manya, da cewa za a yi ya cinye wa mutane data ya cika musu waya.

Ummu Khalil: Ai da ya danna maɓallin HD na WhatsApp, mai tura hoto da ƙarin inganci. Tun watan Agustan 2023 aka kawo shi.

Ɗan Farm Centre: HD ma matsewa yake, ya dai fi ɗayan girma. Wanda ke son na asali cur, a tura masa a matsayin dokumen, har 2GB yana ɗauka. Ko a haɗu a zuba ta Xender, ba data. Sai dai a sani, dokumen yana tafiya da duk bayanan da ke jikin hoton: irin wayar, rana da lokaci, har da wurin da aka ɗauka idan an kunna. Mata masu tura wa baƙin kwastoma hoton kaya daga cikin gida, ku kula da wannan.

Malam Na Tudu: Ni da za a bi tawa, yawo da hoton amarya a sitatus ɗin ma shi ya fi cancantar a tattauna.

Ummu Khalil: Malam, don Allah kada a buɗe wannan babin yau.

Maman Ummi: Ni fa har yanzu ba wanda ya ce min ga yadda zan yi da hoton Hajiyata.

Baban Sadiq: A faɗi sunansa kawai mutane su guje shi.

Admin: Ba za a faɗi sunan kowa a nan ba. Bari in taƙaita, tunda wankin hoto sana'ata ce. Don hoto ya fito tas ana son pixel 300 a kowane inci. Ƙaramin kati mai inci 4 a 6 yana buƙatar 1200 a 1800, wanda aka turo wa Anti zai kusan yi. Firem mai tsawon inci 20 kuwa, pixel 1600 sun zama 80 a inci, dole ya dishe, ko wa ya wanke shi. Abin da na fahimta daga maganganunku, kusan kowa ya yarda ba ha'inci ba ne, kuma mafi yawan laifin na masu karɓa ne da ba sa cewa a ba su na asali tun ranar da suka biya kuɗi. Mai hoto ba boka ba ne da zai san za ki yi firem. Gogewar da ya yi akwai gaggawa a ciki, amma uzurinsa karɓaɓɓe ne. Anti, ki karɓi wayar amarya ki kawo min shago gobe, mu ciro wanda ya fara sauka a wajenta, in wanke miki inci 5 a 7, zai yi kyau. Na rufe maganar.

Baban Sadiq: Wane kowa? Ni da Hajiya Babba ba mu yarda ba, kuma mai hoton a shagonka yake wanki.